Supakafasita ba zai kwana da gida ba, a daina ruɗar mutane

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki.

Dan Allah a bani fili in ɗan yi magana akan bidiyoyin nan dake yawo a WhatsApp da TikTok wai zamanin batir ya ƙare, an samo supakafasita mai cika cikin minti ɗaya kuma baya mutuwa. Sana'ata haɗa sola ce, kuma kwastomomi sun fara cewa zasu dakata da sayen batir sai shi ya shigo kasuwa sosai.

Abin akwai shi, ba ƙarya bane. Babban yayan kafasitan nan ne dake cikin fanka, shi ba sinadari yake juyawa ba kamar batir, cajin kawai yake tarawa a jikin wani irin gawayi da ake sarrafawa, wani ma daga ɓawon kwakwa, shi yasa yake cika nan take ya juye nan take kuma zai yi haka sau dubu ɗaruruwa bai gaji ba, alhali batirin sola na tubula a zafin nan namu in ya shekara uku ka gode Allah.

To amma nawa yake ɗauka? Nan fa ake yinta. Kilo ɗaya na supakafasita baya wuce wat-awa (ma'aunin yawan wutar da aka tara) 5 zuwa 10, na batirin gubar 30 zuwa 50, litiyam irin na waya kuwa ya haura 150. Babban supakafasita ƙwaya ɗaya mai farad (ma'aunin girman kafasita) 3,000 da bolt 2.7, wanda ya kai rabin kilo, wat-awa 3 kacal ke cikinsa, kaga sai ka haɗa kamar shida kafin ka kamo batirin waya mai 5,000mAh, wa zai sa kilo uku a aljihu? Tubula 200Ah guda ɗaya in kasha rabinsa ka samu wat-awa 1,200, kafin supakafasita ya baka wannan sai ka jibge kusan kilo 200 a ɗaki, kuɗin kuma kar ma a tambaya.

Sannan ƙarfinsa sauka yake tun daga farawa, bolt na kaiwa rabi kashi 75 na wutar ya tafi, inbata kuwa tun kafin nan ta fara kuka ta ɗauke. Ko ba'a taɓa shi ba yana yoyon caji da kansa fiye da batir. Zafi ma bai ƙyale shi ba.

Masu bidiyon suna son kawo misalin motocin bas na birnin Shanghai a China, eh tun 2006 suke aiki dashi, sai dai basa faɗin cewa motar tana shan caji ne a tashoshin da take tsayawa ɗaukar fasinja, 'yan kilomitoci take yi ta sake sha. Mu da muke neman abin da zai riƙe fanka da firij daga magariba har rana ta fito a watan Afrilu, ina haɗin?

Inda zai mana rana shine wajen fizgar farko, lokacin tada sumon borehol ko firiza ko babbar mota, wannan jan wutar na sakan biyu uku dake wahalar da batir, in an haɗa su tare supakafasita ya ɗauki dukan, batirin ya huta. Wannan kam ina goyon baya.

Duk wanda aka kawo masa akwati akace supakafasita ne na sola, ya tambayi wat-awa nawa ne kuma kilo nawa, ya raba wat-awan da yawan kilon. In ya ga kilo ɗaya na bada 60 ko 80, to akwai litiyam a ciki ko me aka rubuta a kwalin, sai a yi cinikinsa a matsayin batir.

Nagode.
Mai haɗa sola, daga Kano