A ba mu tarihin sansanin Ajlun mana

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ku ɗan kawo mana tarihin sansanin Ajlun da ke kan tudu a ƙasar Jodan, wallahi da yawa sunan Salahuddin kawai suka sani, gine-ginen zamaninsa kuwa ko oho. Kwamandansa Izzuddin Usama ne ya gina shi a 1184 don tare 'yan Salibiyya (mayaƙan Kiristocin Turai) da tsaron ma'adinan ƙarfe na yankin. Mayaƙan Mongol suka zo a 1260 suka yi masa kaca-kaca, Sarki Baibars na Masar ya gyara, sai girgizar ƙasa ta 1837 da ta 1927 suka sake rusa wani ɓangare, amma fa har yau hasumiyoyin da ramin da aka haƙa cikin dutse kewaye da shi suna nan daram.

Naka mai karatu a kullum.