Laulayin ƙaramin ciki: abin da ke rage shi, da lokacin da za a garzaya asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan laulayi, domin har yau abin da aka fi gaya wa mai ƙaramin ciki shi ne "ki daure, zai wuce". Yana wucewa kam, amma akwai dabarun rage shi, akwai kuma inda dauriya ke zama ganganci.

Ana ƙirga makonnin ciki ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Tashin zuciya yakan soma wajen mako na 6, ya tsananta wajen mako na 9, ya lafa wa yawancin mata tsakanin mako na 14 da na 16. A makonnin farko sinadarin hCG, wanda gwajin fitsari ke ganowa, yana hauhawa, wani sinadarin jiki mai suna furojestaron kuma yana sassauta tumbi da hanji, sai abinci ya daɗe bai sauka ba.

Babban kuskuren da muke gani shi ne mace ta ƙaurace wa abinci don gudun amai, alhali yunwa ce ke ƙara tayar da zuciyar. A ci kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2 zuwa 3. A ajiye busasshen biskit ko gasasshen burodi kusa da gado, a ci tun kafin a sauko da safe, a ɗan zauna minti 15 sannan a miƙe. Kada a haɗa ruwa mai yawa da abinci. A bari sai bayan rabin awa, a riƙa kurɓa a hankali. Abincin da ya huce ya fi mai tururi daɗin sha'ani, don ƙamshinsa bai kai hanci sosai, mai maiƙo da yaji kuwa a jingine shi tukuna. Citta tana taimakawa, kamar giram 1 a yini, a raba shi kashi huɗu. Idan duk wannan bai yi ba, ma'aikacin lafiya na iya rubuta bitamin B6, miligiram 10 zuwa 25 sau uku a rana. Bayan amai a kurkure baki da ruwa kawai, a jinkirta goge haƙori, saboda tsamin da ya taso daga tumbi yana tausasa saman haƙori, buroshi sai ya kankare shi.

Maganin ƙarin jini yakan ƙara wa wasu tashin zuciya da taurin bayan gida, daga nan sai su watsar da duk ƙwayoyin da aka ba su, har da folik asid. Wannan yana damun mu ƙwarai. Maikirogiram 400 na folik asid a kullum yana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa, waɗanda ke haɗuwa tun a makonnin farko. A mayar da shan maganin ƙarin jinin da dare bayan an ci wani abu, ban da shayi, don shayi na hana jiki tsotse shi. In ya gagara, a koma wurin wanda ya rubuta.

Ga taurin bayan gida, a yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace, a riƙa ɗan tattaki. Mai ƙwannafi kada ta kwanta sai bayan awa 2 zuwa 3 da cin abinci, ta kuma ɗaga kafaɗunta da matashi. Yawan fitsari daga ƙaruwar jini ne da aikin ƙoda, don haka ba a rage shan ruwa da rana, sai dai gab da barci. Kasalar ma ta gaskiya ce, ba lalaci ba, maigida ya sani. Nauyin nono da yawan tofar da yawu ba abin tsoro ba ne. Kwaɗayin cin ƙasa ko ƙanƙara dai a faɗa wa ma'aikacin lafiya, don yakan zo tare da ƙarancin jini.

Laulayi ba ya kawo zazzaɓi. Idan jiki ya yi zafi a je a yi gwaji, kada a sayi magani da ka. Farasitamol ya isa ga ciwon kai, ibufurofen da asfirin kuwa sai da izinin likita.

A tafi asibiti a ranar idan aka yi awa 24 ko ruwa bai zauna ba, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibar mace in ta miƙe, ko ta fara ramewa. Irin wannan aman ƙarin ruwa yake buƙata. Haka nan a tafi asibiti idan akwai zafin fitsari ko zubar jini kowane iri. Ciwon mara mai tsanani a gefe guda, musamman in ya haɗu da ɗigon jini, ciwon kafaɗa ko suma, yana iya nuna cikin ya zauna a bututun mahaifa. Bututun kan fashe jini ya zuba ta ciki, don haka ko tsakar dare ne a fita.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Kada a jira sai ya fito.

Naku,
Wasu ma'aikatan jinya da unguwarzoma