Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai Kan Batun Waya Da Kwamfutar Hannu A Cikin Aji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan ƙungiya, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini a bainar jama'a a taronku na shekara, inda ka ce kun tara kuɗi don tallafa wa tsohuwar makarantarku, kuma kuna tunanin sayen kwamfutocin hannu, irin waɗanda ake shafa gilashinsu, a raba wa 'yan ajin ƙarshe, tare da roƙon hukumar makaranta ta janye dokar hana shiga aji da waya, tun da jarrabawa ta koma kwamfuta. Ka nemi ra'ayina a matsayina na wanda ya koyar da ku, ya kuma yi ritaya a kan aikin koyarwa. Da yake a gaban mutane ka tambaya, kuma iyaye da yawa suna cikin irin wannan ruɗani, na ga ya dace amsar ma ta zama a fili.

Shawarata ita ce kada ku sayi kwamfutocin hannun, kuma kada ku nemi a janye dokar wayar. Sai dai damuwar da ta kai ku ga wannan tunani damuwa ce ta gaskiya, domin hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta tun 2013, ta kuma daina amfani da takarda gaba ɗaya a 2015. WAEC ta fara nata a 2024 da masu rubuta jarrabawa daga waje, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta bayyana aniyarta ta mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Duk wanda ya taɓa raka yaran karkara cibiyar jarrabawa ya san abin da ke faruwa. Yaro ya yi karatu, ya san amsa, amma ranar ce ya fara zama gaban kwamfuta, hannunsa na rawa, yana tsoron ya taɓa wani abu komai ya goge, har lokaci ya ƙure masa bai kai rabin tambayoyin ba. Wannan zalunci ne da muke yi wa yaranmu, kuma na gode wa Allah da ya sa kuka damu da shi.

Amma a duba abin da yaron yake buƙata a wannan ɗaki. Cibiyoyin JAMB kwamfutoci masu maɓallan rubutu suke amfani da su, kuma hukumar ta tsara jarrabawar yadda ɗalibi zai iya kammala ta da maɓallai ƙalilan: A, B, C da D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Yaron da ya samu zama gaban irin wannan kwamfuta sau ɗaya a mako na zango ɗaya, yana amsa tsofaffin tambayoyi agogo na tafiya, tsoron nan zai fita daga ransa. Kwamfutar hannu kuwa shafa gilashi ake yi, kamar waya, don haka ba ta koya masa abin da zai tarar ranar jarrabawa. Idan kuwa WAEC ta kai ga sa ɗalibai rubuta dogayen amsoshi a kwamfuta, to iya buga rubutu da yatsu shi ne zai zama abin nema, kuma shi ma a kan maɓallai ake koyon sa.

Raba wa ɗalibai na'ura ba sabon abu ba ne, an yi shi a wurare da dama da kuɗin da ya fi naku nesa ba kusa ba. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 ta raba wa 'yan firamare a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawun shirin a makarantu 319 na karkara, sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna cewa yaran sun iya sarrafa na'urar ƙwarai, amma ba su fi takwarorinsu da ba a ba su ba a lissafi ko a karatu. A nan gida, Jihar Osun ta ƙaddamar da shirin Opon Imo a 2013, zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, da niyyar raba kwamfutocin hannu 150,000 ga 'yan babbar sakandare, an loda musu littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Tunanin yana da kyau, an kuma yaba masa a lokacin, amma shirin bai ɗore yadda aka tsara ba. Ƙasar Suwidin, wadda ba ta da matsalar wuta ko ta kuɗi, ta yi nisa wajen sa na'urori a hannun ƙananan yara, sai ga shi a 2023 gwamnatinta ta ware kuɗi don mayar da littattafan takarda cikin aji, saboda damuwa da yadda iya karatun yara ke raguwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ku da kuka zauna a azuzuwan makarantar nan kun san halin da take ciki fiye da kowa. Na'ura tana buƙatar caji kullum, alhali makaranta kan yi kwanaki ba ta ga wuta ba. Zafin bazara yana kashe batir, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, gilashi yana fashewa da faɗuwa ɗaya, kuma idan ta lalace sai an nemi wanda zai kai ta Farm Centre a Kano ko wata kasuwar waya, a biya kuɗin mota da na gyara, kuɗin da babu shi a kasafin makaranta. Ga kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Ga ɓarayi. Abin da na sha gani shi ne, shugaban makaranta mai gudun a ce kaya sun lalace a hannunsa sai ya kulle su a sito, a fito da su ranar da manyan baƙi za su zo, har su tsufa ba wanda ya amfana. Ban ɗora masa laifi ba, domin an miƙa masa dukiya ba a ba shi hanyar riƙon ta ba. Kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin, kuma shi kaɗai kuke da shi a hannu a yanzu.

Batun waya ya fi wannan nauyi a wurina. Malami yana tsaye gaban ɗalibai tamanin ko fiye, ba ya ma iya ratsawa zuwa bayan aji, yana fama ya riƙe hankalinsu na minti arba'in. Idan kowane yaro yana da waya a ƙarƙashin benci, to malamin yana gogayya ne da TikTok da WhatsApp da sakamakon ƙwallo da shafukan caca, waɗanda ƙwararru suka ƙera su musamman don su kama hankalin mutum su hana shi ajiyewa. Mu manya ma ba mu tsira ba, dubi yadda wayoyi ke ƙara a masallaci da wurin ta'aziyya, balle yaro ɗan shekara goma sha biyar. Wannan ne ya sa Faransa ta kafa dokar hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018, Holand ta bi sahu daga Janairun 2024, kuma rahoton UNESCO na 2023 ya nuna cewa a lokacin kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu a duniya tana da irin wannan doka ko tsari. A namu yanayin akwai ƙarin dalilai. Waya ita ce babbar ƙofar satar amsa, kuma yaron da ya saba da ita tun daga gwajin aji ba zai daina ba a babbar jarrabawa. Tana fito da bambancin ɗan mai hali da ɗan talaka a wurin da rigar makaranta take ƙoƙarin rufe shi, ta kuma jefa uban da ke neman abin sawa a bakin salati cikin matsin sayen abin da ba shi da hali. Sannan ga 'yan mata, waɗanda hoto ɗaya da aka ɗauka ba da saninsu ba aka watsa zai iya sa mahaifi ya cire 'yarsa daga makaranta, bayan wahalar da aka sha kafin ya yarda ta shiga.

Ina so in ƙara da cewa goyon bayan dokar bai sa na yarda da al'adar tara wayoyin da aka ƙwace a farfasa su a gaban asambuli ba. Dukiyar iyaye ce, wani lokaci ma ita kaɗai ce wayar gidan. A rubuta sunan mai ita, a ajiye a ofis, a kira uba ko uwa su zo su karɓa a ƙarshen zango.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa ina ƙin na'ura, domin akwai inda ta yi amfani sosai, kuma misalin da ya fi burge ni daga maƙwabtanmu yake. A 2009 da 2010 wata mai bincike daga Jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, tare da ƙungiyar agaji ta CRS, sun gwada wani tsari a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram a Nijar, inda ake koyarwa da Hausa da Zabarmanci. A wasu ƙauyukan an ƙara wa ɗaliban darasin amfani da ƙaramar waya, irin mai maɓallai, mutum biyar suna tarayya a kan guda ɗaya, suna koyon gano haruffa da lambobi da tura saƙo. Waɗannan sun fi sauran cin gwajin rubutu da lissafi, kuma bambancin a lissafi bai gushe ba watanni bayan an rufe aji. Dalilin a bayyane yake. Akwai malami, akwai darasi tsararre cikin harshen da mutanen ke ji, wayar kuma ta zo ne ta ba su dalilin yin aiki da abin da suka koya, kamar tambayar farashin gero a kasuwa ko gaida ɗan'uwa da ya tafi ci-rani. Haka nan jihohin Edo da Legas da Kwara, da suka shigar da kwamfutar hannu makarantun firamare, a hannun malami suka sa ta, tana ɗauke da darasin ranar da rajistar halarta, yara kuma suna riƙe da littafi da fensir. Ina da ja a kan yadda tsarin ke ɗaure malami ga karanta abin da aka rubuta masa kalma bayan kalma, amma ya gane cewa malami ne ya kamata a fara ƙarfafawa.

Saboda haka ga abin da nake ba ku shawara. Ku gyara ɗaki ɗaya, ku sa masa ƙofar ƙarfe da tagogi masu hana ƙura, ku haɗa masa sola da batura masu kyau, ku sa kwamfutoci masu maɓallai gwargwadon ƙarfinku, ko da waɗanda aka taɓa amfani da su ne masu inganci, a loda musu manhajar gwajin jarrabawa wadda ke aiki ba tare da intanet ba. Ashirin da ke aiki kullum za su wadatar idan aka tsara jadawali kowane aji na babbar sakandare ya samu rabonsa a mako, mata da maza daidai. Ku ware wani kaso na kuɗin tun yanzu don gyara da canjin batura na shekaru uku masu zuwa, ku kuma ɗauki nauyin horar da malamai biyu da ba su ɗan alawus, saboda idan aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki ɗakin ba zai mutu ba. Malaman kimiyya su samu damar amfani da majigi ɗaya don nuna abin da ɗakin gwaje-gwajen makarantar ba ya iya nunawa, kamar zagayawar jini ko rabuwar ƙwayar halitta. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na kyauta da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, wanda malamai za su iya ɗebo darussa daga cikinsa.

Idan kuɗi ya ragu, ku tuna da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a shekara goma da haihuwa, kuma duk malamin sakandare a Arewa ya san cewa da yawa daga cikin waɗanda ake turo masa daga firamare ba sa iya karanta jimla ɗaya, da Hausa ko da Turanci. Yaron da bai iya karanta tambaya a takarda ba, ba zai iya karanta ta a kwamfuta ba. Littattafan karatu na Hausa da na Turanci masu sauƙi, da ɗan ihsani ga malaman da za su tsaya bayan tashi su koyar da waɗannan yara, za su ci kuɗi kaɗan, kuma su ne za su ƙayyade yawan waɗanda za su kai ajin ƙarshe har su shiga ɗakin kwamfutar.

Ina roƙon ku kafin ku fitar da ko kwabo ku zauna da shugaban makaranta da malamai da wakilan iyaye, a rubuta wanda zai riƙe makulli, da wanda zai kula da jadawali, da wanda zai riƙa kawo wa ƙungiya rahoto a ƙarshen kowane zango. Idan kun sa ranar zaman, ku sanar da ni, zan halarta in Allah ya yarda.

Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuriyarku.

Wassalam,
Tsohon malaminku.