A Gyara Jingar Bakin Kogi a Yawuri, Amma a Fara Neman Izini Tun Yanzu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomi da masu unguwanni a kan jingar da ke kare gonaki da gidaje a gaɓar Kogin Neja ta ɓangaren Yawuri, wadda ruwa ya ci gindinta a wurare da dama. Tun ambaliyar 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, da ta 2022 da ta biyo baya, kowa ya yarda cewa jingar tana bukatar gyara. Inda ake samun saɓani shi ne batun takardun izini, domin wasu daga cikinmu suna ganin ɓata lokaci ne, har suna cewa a haɗa kuɗi a ɗauko katafila ta tula ƙasa a wuce wurin.

Ban goyi bayan wannan ra'ayi ba, kuma dalilina yana cikin halin ruwan kansa. Sau da yawa ruwa ba ya fara cin jinga daga sama. Igiyar ruwa tana ƙwaƙule gindinta a hankali har saman ya rasa abin da zai zauna a kai, sannan ya rufta. Haka kuma idan ruwa ya daɗe a cike ya jiƙa jingar, sa'annan ya janye da sauri, gefen da ya jiƙu yakan zame ya faɗa cikin kogi. Wanda ya tula yashi a kan irin wannan wuri bai yi gyara ba, nauyi kawai ya ƙara wa gindin da ya riga ya raunana. Gyara na gaskiya yana farawa ne da jera manyan duwatsu ko ragar waya da aka cika da duwatsu a gindin, a sassauta tsayuwar gefen, a zuba laka kashi-kashi ana dannewa, a ƙarshe a dasa ciyawa mai zurfin saiwa irin jema. Mafi muni shi ne ɗabi'ar wasu 'yan kwangila ta haƙar ƙasa daga bayan jingar don cike samanta, wanda ke barin kududdufin da ruwa zai bi ta ƙarƙashi ya ɓullo.

Waɗannan su ne abubuwan da doka ta ce a duba kafin a fara aiki. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli, mai lamba 86 ta shekarar 1992, ta hana a soma aikin da zai iya yin babban tasiri ga muhalli sai an yi nazari an kuma samu amincewar hukuma, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke kula da hakan. Ana rajistar aikin, jami'ai su zo su ga wurin su tantance girman nazarin da ya dace, a rubuta rahoto, a baje shi ga jama'a na tsawon ranakun aiki 21 domin mai ƙorafi ya yi. Ban da wannan, dokar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Cikin Gida, wato NIWA, ta 1997 ta sanya mita 100 daga bakin kogi irin Neja a ƙarƙashin kulawarta, saboda haka gini ko yasar yashi a wurin sai da izininta.

Wani zai ce ina ruwan manomi da wannan dogon zance. Amsar ita ce jingar da aka ɗaga a wannan gaɓa tana tura ruwa zuwa ƙauyen da ke ƙetare ko wanda ke gangare, kuma idan aka toshe bakin tafkin da kifi ke shiga ya yi ƙwai, ko mashayar da Fulani ke kai shanu, an sayi rigimar da za ta fi jingar daɗewa. Ranakun nan 21 su ne damar Sarkin Ruwa da Arɗo da manomin ƙetare su faɗi nasu tun kafin a zuba tifa ɗaya ta ƙasa.

Sai dai masu ƙorafin jinkiri suna da hujja, domin lokacin aiki a nan gajere ne ƙwarai. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, yanayin ruwa a Yawuri ya bi halin tafkin da madatsar ta tara. Bayan farin ruwan damina sai baƙin ruwa, wato cikar kogi ta biyu, ya iso daga tsaunukan ƙasar Gini a lokacin hunturu, don haka gindin jingar ba ya bayyana sosai sai bazara, kuma da an fara ruwan sama mota mai nauyi ba ta iya shiga fadama. Wanda ya jira ruwa ya janye kafin ya je neman takarda ya yi asarar shekarar, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kebbi da ta ware jami'in da zai riƙa raka al'umma wajen cike takardu, ya kuma fayyace mana bambancin toshe ƙaramar ɓaraka da buhunan ƙasa cikin gaggawa da sake gina jinga baki ɗaya, domin bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa saboda al'ummomin da madatsun wutar lantarki suka shafa, kuma Kebbi tana cikin jihohinta, ita ce ta fi dacewa ta ɗauki nauyin nazarin, domin kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙungiyar manoma. Idan kuma rahoton ya fito, a fassara taƙaitaccensa zuwa Hausa, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar gidan hakimi, a kuma karanta shi a rediyo, saboda yawancin waɗanda aikin zai shafa ba su da halin zuwa Birnin Kebbi su karanta kundin Turanci.

Na gode.

Wani manomin shinkafa,
Yelwan Yawuri, Jihar Kebbi.