Gwiwar ƙarfe iri-iri ce, a riƙa yi mana bayani

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni fili in yi magana kan aikin canjin gwiwa, domin bara aka yi wa mahaifiyata, kuma mun shiga ne ba mu san gwiwar ma iri-iri ba ce.

Shekara shida Inna tana fama da sanyin ƙashi, har guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Da muka je Kano, likita ya ajiye samfuri biyu a kan tebur. Ƙarfe sama, ƙarfe ƙasa, farar roba mai tauri a tsakani. A ɗayan ana barin jijiyar nan ta bayan gwiwa ta ci gaba da riƙo. A ɗayan kuwa cire ta ake yi, wani ɗan turke da ke jikin robar ya maye gurbinta. Ya ce akwai kuma wadda robarta ke ɗan juyawa, da wadda aka ƙera don ta lanƙwashe sosai.

Ni dai farashi nake ta tambaya. Inna ce ta katse ni, ta ce, "Likita, zan iya zaman tahiya?"

Allah ya saka masa da alheri, bai ruɗe ta ba. Ya ce yawanci bayan aiki gwiwa na lanƙwasa digiri 110 zuwa 120, zama kan dugadugai kuwa yana neman wajen 150. Ko wadda aka ƙera don ta lanƙwashe sosai ba ta da tabbas, don abin ya fi dogara ga yadda gwiwar ke lanƙwasa tun kafin aiki da kuma juriyar gashin ƙashi bayansa. Ya zaɓa mata mai turken saboda jijiyarta ta lalace. Batun daɗewa kuma, binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kashi 82 cikin ɗari na gwiwoyin ƙarfe na kaiwa shekara 25.

Mu mutanen karkara a tabarma muke zama, masai na tsuguno ne. Sai da na sa aka gina mata na zama kafin a sallame ta. Yanzu a kujera take sallah, amma da ƙafarta take zuwa gidan ƙanwarta.

Ina roƙon jaridarku ta tattauna da likitocin Asibitin Ƙashi na Dala, su fayyace wannan da Hausa.

Naku,
Wani malamin firamare daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa