Ku daina ɗora wa bazawara laifin sarki

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na tarihi na daren Lahadi ya hana ni barci. Tun daga farko har ƙarshe, da ƙyar mai gabatarwa ya kira Wallis Simpson da sunanta, sai "bazawarar nan", "bazawarar Amurka", yana faɗa yana 'yar dariya, baƙonsa na taya shi. Wai ita ta sauke Sarki Edward na Takwas daga gadon sarautar Ingila.

Haba Malam! Mutum mai shekara 42, wanda tun yana yarima ya zagaya duniya, har Kano aka yi masa hawan daba a 1925, shi ne za a ce mace ta juya kamar waina? Ai ita a farkon Disamban 1936 Faransa ta gudu, ta fitar da sanarwa cewa a shirye take ta janye daga maganar aurensu. Shi ya kafe. Firaminista Stanley Baldwin ya gaya masa gwamnati ba za ta yarda ba. Cocin Ingila, wanda sarki ne shugabansa, a wancan lokacin ba ya ɗaura wa sakakkiya aure muddin tsohon mijinta na raye, nata kuwa biyu ne, duk da ransu. Ya ji wannan da kunnensa, ya sa hannu a takardar murabus ranar 10 ga Disamba, washegari ya shiga rediyo ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin mulki ba tare da matar da yake so ba. Janyewarta ko da wasa ba ku ambata ba. In ma abin zargi kuke nema, ga ziyarar da suka kai wa Hitler a 1937, amma zawarci ya fi muku daɗin baki.

Ni ma aurena biyu ya mutu, ba na ɓoyewa. Shekara uku da suka wuce wani ya fito, magana har ta kai ga manya. Sai uwarsa ta turo ƙanwarta. Ta zauna a bakin tabarma, ruwan da na kawo mata ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce wa Innata, "Ɗanmu bai taɓa aure ba, ba za mu fara masa da saura ba." Ina bayan labule ina ji. Shi gogan, da ya yi wata takwas yana sintiri a ƙofar gidanmu, sai ya kashe waya. Har yau a unguwa ni ake nunawa, wai na so raba ɗa da uwarsa. Da Inna muka saurari shirin naku, ana cikin dariyar nan ta tashi ta shige ɗaki.

Sannan lambar da kuke bayarwa a kira, don Allah wa ke riƙe da ita? Sau tara na buga a daren, kati na ya ƙare a kan jira, amma mutum ukun nan da kuka saba ɗauka kowane mako duk sun samu shiga.

Taku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Zariya