Wasiƙa zuwa ga Uwata a Arizona

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Flagstaff? Na ga hoton kwandon da kike son saya ki rataya a bango kafin bikin ƙawar nan taki 'yar ƙabilar Nabaho, 'yan asalin ƙasar Amurka. Ki ɗan dakata tukuna.

Ina ganinsa mai sunanki ta faɗo mini a rai, zaune bisa tabarma da kaba da basilla, tana ɗinkin faifai daga cibiya har baki. Su ma haka suke naɗa nasu, sai dai da rassan wani ɗan itace, sumak. Masaƙiya takan riƙe reshen da haƙori ta tsaga shi gida uku, ta kankare, ta jiƙa, sannan a fara aiki.

Ts'aa' suke kiransa, kuma a wurinsu ya wuce kayan ado. Farar cibiyar, a imaninsu, nan ne kakanninsu suka ɓullo zuwa wannan duniya. Baƙin zanen duwatsu ne da gizagizai, jan kuma bakan gizo. Ki duba siririn farin layin da ya ratsa zanen har baki. Ba kuskure ba ne, hanya ce aka bari, kuma a wurin biki gabas ake juya ta, kamar ƙofar ɗakinsu na gargajiya. Abin da ya fi burge ni, daidai kan hanyar ake tufke bakin kwandon, don mai waƙar magani, wato jagoran bukukuwansu na gargajiya, ya lalubo gabas da yatsa ko cikin duhu. Ranar aure a ciki ake zuba faten masara, a barbaɗa garin furenta, ango da amarya su ci daga gabas, kudu, yamma, arewa, sannan tsakiya. A wasu bukukuwan kife shi suke yi ya zama ganga.

Saura kaɗan sana'ar ta mutu. Sharuɗɗan da aka gindaya wa masaƙa sun yi nauyi, har aka koma saye a hannun maƙwabtansu, ƙabilun Yut da Payut. Mary Holiday Black ta yankin Monument Valley a jihar Yuta na cikin waɗanda suka raya ta, ta koya wa 'ya'yanta, gwamnatin Amurka ta karrama ta a 1995.

To, in za ki saya, ki saya a hannun wadda ta saƙa, kuma kada ki yi mata cinikin Kasuwar Kurmi; aikin makonni ne a hannunki. Ki tambayi mahaifiyar ƙawarki yadda ake ajiye shi. A wurin biki kada ki ɗaga waya sai da izini. Abin da ya shafi ibadarsu ki ba da uzuri cikin ladabi, ki riƙe addininki, ba tare da yatsina fuska ba.

Mamanki ta ciro faifai ɗaya daga cikin na marigayiya, mai ja da koren nan. Za mu aiko miki, ki kai wa mahaifiyar amarya da hannu biyu, ki gaya mata wadda ta ɗinka shi.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki